Faifan Mahaifinka na Farko

Gashuwa, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Abbagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a mota daga nan zuwa Nguru, Ya tsare ka a jirgi daga Nguru zuwa Kano, Ya haɗa ka da malamai masu tausayi da abokan zama na gari a kwalejin da za ka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali gida ɗaya muke kwana. Kai ne ɗana na fari, ban saba zama da kai in yi doguwar magana ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Abin da bakina ya kasa shi ne na ba hannuna, da ɗan rubutun da aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Kwana huɗu ke nan ina yi, kullum bayan na dawo daga kasuwa, don haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri da shi.

A ƙasan akwatinka, tsakanin zanen gado da rigar sanyi, na sa maka wani abu naɗe cikin tsohon zanena. Kada ka ɗora masa nauyi, kada ka bar shi a rana, lanƙwashewa yake yi. Faifan mahaifinka ne na farko. Ka sha jin sa a bakin kasuwa, amma ba ka taɓa jin labarinsa daga gare ni ba, kuma laifina ne.

Lokacin da aka kai ni gidansa a Nguru, aikinsa ɗinkin bakin buhunan gyaɗa a tashar jirgi. Da basilla da igiya yake wuni, yatsunsa duk sun yi kanta. A kan wannan sana'a kakanka ya ba shi ni, domin kakanka malami ne mai karantar da littattafai, ba zai ba mawaƙi 'yarsa ba. Ba wanda ya gaya masa zancen gurmi. Ni ma sai da na kwana bakwai a ɗakin na gan shi rataye a bayan ƙofa, an rufe shi da tsumman buhu.

Bayan la'asar yakan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya ɗauko shi. Ba ya ɗaga murya, kamar mai magana da kansa yake yi. Ba ya kiran sunan attajiri ko na hakimi, ba ya zuwa gidan biki. Abin da ya gani da idonsa shi yake rerawa: mahaifiyarsa da ta taho da shi a goye daga Yusufari shekarar da gero ya ƙi, da kogin nan namu in ya janye ya bar kwalekwale a kan yashi, da jirgin da ke kwashe gyaɗa ya bar masu noma ta tsaye a bakin dogo. Ni kuwa in ya fara sai in ƙara ƙarfin daka, don kada maƙwabta su ji.

Wata rana 'yan uwana mata suka zo daga Gashuwa ganin ɗaki. Ɗaya ta hango gurmin ta tambaye ni na wane ne. Na ce na wani abokinsa ne, ajiya aka ba shi. Ban san yana zaure yana cire takalmi ba. Ya shigo ya gaishe su da fara'a, bai ce mini komai ba, ranar ko bayanta. Washegari ya ɗauke gurmin ya kai shi ɗakin ajiyar buhuna a tasha, can ya koma yin waƙarsa, leburori suna saurare. Ni da nake da shi a tsakar gidana, ni na kore shi da bakina. Abbagana, za ka zauna da 'ya'yan manyan ma'aikata a Kano, za su tambaye ka ɗan wane ne kai. Ka ce ubanka ya ɗinka buhu kuma ya yi waƙa, uwarka tana sayar da bandar kifi a kasuwar Gashuwa. Ka faɗa kai tsaye, kada ka rage murya. Wanda aka ji kunyarsa yana ganewa ko bai nuna ba, kuma abin ba ya fita daga ransa.

A tasha wani mutum ya ji shi. Oga Sande ake ce masa, mutumin gabas ne, Kirista, yana da shagon rediyo da fayafayai kusa da bakin dogo. Ya daɗe a Nguru har yana ciniki da Barbarci. Ya zo gidanmu neman mahaifinka da rana tsaka, na bar shi tsaye a waje, ko ruwa ban aika masa ba, don na ji abin da ya kawo shi. Daga bayan katanga na ce masa mu gidanmu ba maroƙa ba ne. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Uwargida, ai shi ya sa na zo. Mijinki ba ya roƙon kowa komai." Ban fahimce shi ba a lokacin.

Ba a yi wata uku ba ƙanwarka Yagana ta kamu da ƙyanda. Ba ka wuce shekara biyar ba, ita kuwa biyu da 'yan watanni. Ban san ko kana tuna ta ba. Tana da wata al'ada, duk takalmin da ta gani a ƙofar ɗaki sai ta zura ƙafafunta ciki ta riƙa ja, ta fi son na babanta. Ranar da jikinta ya tsananta mahaifinka yana wurin aiki. Mutumin nan da na hana ruwa shi ya rufe shagonsa, ya nemo mota ya kai mu asibiti, matarsa ta riƙe ka a gidansu kwana uku. Allah bai yi Yagana za ta tashi ba. Da aka dawo daga maƙabarta na ga Oga Sande tsugunne a ƙofar gida cikin masu zaman makoki, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na yi niyyar in je in yi wa matarsa godiya in an kwana biyu. Ban je ba. Daga baya na bar garin, sannan rikici ya zo, suka shiga jirgi da 'ya'yansu suka tafi, ba wanda ya sake jin labarinsu. Har yau ban san ko suna raye ba. In mutum ya yi maka alheri, ɗana, ka gode masa a ranar, ko wane yare yake ji, ko ina yake fuskanta in zai yi ibada. Kada ka bari sai ka shirya.

Bayan rasuwar Yagana da wata bakwai mahaifinka da Oga Sande suka tafi Legas tare, kwana biyu a jirgi, aka ɗauki muryarsa. Ya ba ni labari wai ɗaki ne aka rufe shi ciki shi kaɗai da gurminsa, aka ce in jan fitila ta kama ya fara. Waƙa shida ya yi, uku a kowace fuska, duk a wuni ɗaya. Ya dawo da faifan cikin kwali da hotonsa a jiki, sanye da babbar rigar aro da ta yi masa yawa, hularsa ta karkace. Ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce ya ajiye a kan akwati, hannuna da kullu.

A kasuwa na fara jin sa. Na je sayen kayan miya, Oga Sande ya fito da garmaho ƙofar shago, mutane sun yi cincirindo. Na tsaya daga nesa na ja mayafi. Sai na ji muryar mijina tana zancen wata yarinya mai jan takalmin babanta a tsakar gida, yana cewa yanzu in ya fito ɗaki takalmansa suna nan inda ya ajiye su. Bai faɗi sunanta ba, amma duk unguwarmu an san wace ce. Wata mata ta juyo ta dube ni. Na saki kwanon da ke hannuna na koma gida da gudu.

Da ya dawo na tare shi tun daga zaure. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta maka ba. Na ce ya ɗauki gawar 'yata ya kai kasuwa, ya sa masu sayen barkono suna kallon cikin ɗakina. Ya tsaya har na gama, sannan ya ce, "Hauwa, ni ma 'yata ce. Ke kin yi kuka mata sun kewaye ki. Ni ba a bar ni na yi ba, wannan ne nawa." Na ce to ya zauna da kukansa. Kwana biyu bayan nan na ɗaure kayana, na riƙo hannunka muka hau motar Gashuwa.

Ban taɓa tunanin cewa shi ma yana cikin ciwo ba. Na ga yana cin abinci, yana fita aiki, sai na ɗauka abin ya wuce masa. Shi ne fa ya ɗauke ta a hannunsa zuwa kabari, ni ina ɗaki. Wata rana za ka yi iyali, kuma Allah Yana jarraba kowane gida. In abu ya same ku, kada ka auna baƙin cikin matarka da naka, kada ka ce don ba ta yi irin yadda ka yi ba ba ta ji ba. Ka tambaye ta. Ni ban tambaya ba.

Sau uku yana zuwa biko. Na farko da na biyu ban fito ba. Na uku ya ce a gaya mini ba komawa ya zo nema ba, so yake in zauna in ji faifan duka sau ɗaya, in na ji na ce a fasa shi zai fasa nasa a gabana. Na aika masa cewa ba ni da lokaci. Ya bar faifan wurin kakarka ya tafi. Na tura shi ƙarƙashin gado. Bai sake ni ba, ni ma ban nemi saki ba, haka muka zauna, shi can ni nan. Na yi ta jira ya zo na huɗu, don na riga na yanke a raina in ya zo zan bi shi. Bai san da haka ba, tunda ban gaya wa kowa ba. In an zo ba ka haƙuri, Abbagana, ka karɓa tun ana zuwa. Mai zuwa yana gajiya.

Faifan ya yi suna har Kano aka kira mahaifinka, ya bar ɗinkin buhu ya koma can. Masu hali suka ja shi a jiki, kowa yana so a sa sunansa. Ya yi fayafayai da dama bayan nan, da makaɗa da 'yan amshi, yana yabon masu motoci da 'yan siyasa. An yi rawa da su shekara ɗaya ko biyu, yanzu ko a shagon masu rediyo ba ka jin su. Ba na zarginsa. Mutum ne shi kaɗai a ɗakin haya a garin da ba nasa ba, wadda ya kamata ta ce masa wannan ba muryarka ba ce tana Gashuwa tana fushi.

Akwai abin da na yi maka kai kanka. Kana aji uku ka dawo daga makaranta kana rera waƙar takalmin nan, ka ji ta wurin masu shayi, ba ka ma san ta ƙanwarka ba ce. Ina tuƙa tuwo na juyo na mare ka da hannun da ke da zafi, har ka faɗi kan tulu. Ba ka yi kuka ba, ka tashi ka kalle ni kawai. Tun daga ranar ban sake jin ka rera komai a gidan nan ba, ko waƙar makaranta. Na sha ganin ka kana tafe kana motsa baki, da ka hango ni sai ka rufe. Ba ka yi laifin komai ba. Ka yafe mini. Koyarwa za ka koya, za a ba ka 'ya'yan mutane. Duk ranar da ka ji hannunka ya tashi, ka tsaya ka tambayi kanka ko yaron ne ya yi maka laifi ko wani abu ne daban yake cin ka.

Ana cikin yaƙin basasa Baba Modu, abokin mahaifinka tun suna tasha, ya zo daga Kano ya ce tari ya kama baban naka, ya rame, yana so ya gan mu. Lokacin tsinkar barkono ne, na ce bari a gama in zo. Gaskiya ba barkono ba ne. Kunya nake ji in shiga ɗakinsa bayan shekarun nan ban san da wace kalma zan fara ba. Na yi kwana goma sha biyu ina shirya abin da zan ce. Ranar da na kai Nguru zan shiga jirgi, a tashar na haɗu da Baba Modu yana saukowa, riƙe da gurmin a cikin buhu. Da na ga gurmin na gane abin da ya faru. Na zauna a kan dakalin da ake tara gyaɗa. Ya ce shekaranjiya aka binne shi, kuma har ranar ƙarshe in an taɓa ƙofa sai ya ɗaga kai. In aka ce maka wani naka ba shi da lafiya yana nemanka, ka tashi a ranar. Ba sai ka san abin da za ka ce ba. Baba Modu yana nan a Fagge yana sayar da igiya, kowa ya san shi a layin masu buhu. Ka neme shi ya nuna maka kabarin, ka yi wa mahaifinka addu'a, ni ban taɓa ganin wurin ba.

Ko bayan rasuwarsa ban ji faifan ba. In na ji an sa shi a kasuwa sai in canza hanya. Sai shekarar farin nan da shanu suka yi ta mutuwa. Ina zaune a rumfata, mai gyaran rediyo na kusa da mu ya sa waƙar takalmin nan. Wata Bafulatana da ta zo sayar da ɗan man shanu ta tsaya cak, ta sauke ƙwaryarta ta zauna a ƙasa kusa da kifina. Da waƙar ta ƙare ta roƙi mai rediyon ya mayar. Hausarta ba ta da yawa. Ta ce mini ɗanta ya rasu a hanya suna tahowa da shanu daga arewa, shi kuma sandar babansa yake ja. Ta ce tun da ya rasu kowa haƙuri yake ba ta, mutumin cikin rediyon nan kaɗai ne ya san yadda abin yake. Ta tambaye ni ko na san shi. Na ce mijina ne. Shi ne karo na farko da na faɗi haka a gaban mutane game da waƙarsa. Ta kama hannuna, muka zauna muna kuka a tsakiyar kasuwa, ni da matar da ban san sunanta ba.

Da la'asar ɗin ranar na jawo faifan daga ƙarƙashin gado na kai gidan maƙwabciyarmu mai garmaho, na ce ta sa mini ta ba ni wuri. Na ji shi daga farko har ƙarshe. A waƙa ta biyu akwai inda ya yi kuskure a gurmi ya ɗan yi dariya ya ci gaba, ba su goge ba. A ta Yagana akwai inda muryarsa ta karye ya yi shiru, gurmin kaɗai ke tafiya, har ka ɗauka ya fasa. Ta ƙarshe kuwa ban taɓa jin ta ba, don masu shago ba su cika juya faifan ba. Zancen wata mata ce mai ƙara ƙarfin daka in mijinta ya fara waƙa. Ba zagi a ciki ko kaɗan. Cewa yake da sautin taɓaryarta yake daidaita kiɗansa, in ta daina daka shi ma ɓacewa yake. Wannan ce ya yi zuwansa na uku don in ji.

Yanzu shekara goma sha uku ke nan da fitowar faifan, ka ga har yau direbobin Nguru suna ɗaukar sa a kaset, yaran da ba a haifa ba lokacin sun haddace shi. Mutane suna tambayar dalili, har na ji wani malami a rediyo yana ta dogon bayani. Ni abin da na sani kaɗan ne. Waƙoƙin nan shida ya yi shekaru yana ɗauke da su kafin kowa ya ce yana so, yana gyara su a bakin buhu, ba ya jiran kyautar kowa. Bai san za a saya ba, don haka bai sa komai don a saya ba. Abin da ya same shi ya faɗa yadda ya same shi, kuma abin da ya same shi yana samun kowa: uwa, da yunwa, da ɗa, da mace mai taurin kai. Duk aikin da za ka yi, ka yi shi kamar yadda ya yi wannan. In kuma kana da waƙa a bakinka, ko rubutu, ko wani abin da ban sani ba don na hana ka nuna mini, ka yi abinka, na sa maka albarka. Gurmin yana cikin rumbu a rataye, naka ne duk ranar da ka so.

Saura abu ɗaya. Shekara uku ke nan tun da muryarka ta buɗe, in ka yi sallama a ƙofar gida nakan yi jinkirin amsawa har sai ka yi sau biyu, wani lokaci sau uku. Na ga kana shigowa kana duban fuskata, ka ɗauka wani laifi ka yi. Ba fushi ba ne. Muryarsa ce sak a bakinka, har yadda yake jan ƙarshen sallamar. Shiru nake yi don ka maimaita.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci ko ba ka jin daɗin na makaranta, na sa maka yaji da bandar tarwaɗa a cikin gwangwani. Ka rubuto mini da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa da kaina ba sai na kai wa wani ba. Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya jiƙan mahaifinka da Yagana, Ya dawo mini da kai lafiya. Ka gaida Baba Modu.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Hauwa.